Farin Layi a Gindin Gangara

Ranar Asabar da ta wuce ina sabunta fentin da ke gaban makarantar firamare ta unguwarmu, wasu daga cikinku suka tsaya a bakin kwalbati suna kallona. Na ji abin da ɗaya ya faɗa wa abokinsa, don kunnena da sauransa tukuna. Cewa ya yi, "Wannan ma aiki ne? A ba ni rola da bokiti, kafin rana ta yi tsaka na gama." Na ci gaba da aikina, fenti yana bushewa a hannuna. Amma tunda shugaban matasa ya ce in zo yau in yi muku magana a kan sana'a, to ku gyara zama. Sunana Ayuba, a Kafanchan an fi sanina da Baba Mai Fenti. Na rubuta allunan shaguna, na rubuta sunayen coci-coci da masallatai, amma aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne fentin titi, musamman fararen layukan nan da masu tafiya a ƙasa ke tsallakawa a kai, waɗanda kuke kira zebra.

Wanda ya koya mini aiki sunansa Oga Bitrus. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, shi ke rubuta lambobi a jikin taragu kafin ya yi ritaya ya buɗe ɗan shagonsa. Gajere ne, kullum cikin farar riga, kuma ban taɓa ganin ɗigon fenti a jikin rigar nan ba. Ranar da kawuna ya kai ni wurinsa na zaci burushi zai miƙo mini. Benci ya ba ni. Ya sa na ɗauke shi a ka har mahaɗar da ke kusa da kasuwa, ya ce in zauna in yi kallo har yamma.

Da na koma ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Motoci, Oga."

Ya ce, "Gobe ka koma."

Washegari da yamma na ce masa na ga mutane suna tsallaka titi. Ya ce a ina? Na ce ko'ina. Ya ce in sake komawa. A rana ta uku na daina kallon motoci, na koma kallon ƙafafu, sai abubuwa suka fara fito mini. Ashe ba ko'ina ake tsallakawa ba. Kusan kowa ta gindin wani mangwaro yake bi, inda wata mata ke suyar ƙosai, saboda nan ne ke fuskantar ƙofar 'yan doya. Na lura mace mai kaya a ka ba ta iya juya wuya, sai ta juya dukan jikinta, don haka sau ɗaya take dubawa ta afka. Na lura yara ba sa tafiya a miƙe, a karkace suke gudu, kuma in ɗaya ya tsallaka sauran za su bi shi ko mota na zuwa. Tsofaffi kuwa sukan kai tsakiya su tsaya, su rasa ko su ci gaba ko su koma. Na zayyana masa duk wannan. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To, yau ka fara aiki. Je ka wanke bokitai."

Wata shida ina wankin bokiti da shara kafin ya bar ni in ja layi ɗaya. Kayan aikinmu ba su da yawa: igiya, alli, tef na awo, katako miƙaƙƙe, burushi, rola, tina na sirka fenti, da jar tuta. Amma in kun tambaye ni wanne ne babba, tsintsiya ce. Kwalta da ƙura a kanta ba ta karɓar fenti. Za ka shafa ka ga ya yi fari tas, kana jin daɗi, ashe a kan ƙurar ya zauna, tayar farko da ta bi ta kai sai ta kwashe shi. Ana share wuri sau uku, na ƙarshen da burushin waya. Bayan haka sai ka ɗora tafin hannu a kan kwaltar. In ka ji sanyi-sanyi, akwai danshi a ciki, ka jira. Kun san ruwan garin nan, yana iya tsugewa da safe rana ta fito da hantsi, saman titi ya bushe amma cikinsa jiƙe yake. Tina kuma shi ne inda ake gane mai tsoron Allah. Ka zuba da yawa, galan ɗaya zai yi maka aikin biyu, layi ya yi kyau ranar da mai aiki ya zo dubawa, damina ɗaya ta wanke shi. Sai kuma wani gari mai kama da sukari, na gilashi, da ake barbaɗawa tun fentin yana ɗanye, shi ke sa layi ya yi walƙiya in fitilar mota ta haska shi. Ana barbaɗa shi da hannu kamar mai shuka acca. Ka makara da minti biyu ba zai kama ba.

Zebra ta farko da na ja da hannuna ranar Alhamis ce, a gaban wani asibitin mishan. Na auna, na shafa wa igiya alli, muka ja ta ta yi tauri, na ɗaga tsakiyarta na saki, ta bar layi a miƙe kamar an sa rula. Na cika layuka huɗu, na ja da baya ina kallonsu kamar na gina bene. Sai ga wani ƙaton alade ya tsinke igiya daga hannun mai shi a hanyar kasuwa, ya taho da gudu, ya bi ta kan layukan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba, ya wuce yana buga farin sawu har kwana. Mai shi yana binsa a baya, shi ma ya taka. Na tsaya da rola a hannu kamar in yi kuka. Oga Bitrus ya yi dariya har sai da ya zauna a kan galan. Da ya samu numfashi ya ce, "Aƙalla shi ya san inda ake tsallakawa. Ɗauko tina."

Da Oga Bitrus ya tsufa ya koma ƙauyensu, ya bar mini shagon da igiyarsa. Matsalata a lokacin ita ce mai riƙe tuta. Rabin titi ake fentawa, a bar wa motoci rabi, kuma mai fenti a durƙushe yake, bayansa ga motoci, ransa yana hannun wanda ke tsaye da jan ƙyalle. Na gwada mutum uku, kowanne sai hankalinsa ya tafi wurin hira. Wata rana matata Rahila ta kawo mini abinci, ta tarar mai tutar ya tafi sayen rake, ga wata bas ta taho. Ta ajiye kwano, ta ɗauki tutar ta shiga tsakiyar titi. Rahila tana cikin mawaƙan coci, muryarta tana kaiwa bayan gini ba tare da lasifika ba. Ta daka wa direban tsawa, ya taka birki har fasinjoji suka yi gaba. Tun daga ranar ita ce mai tutata. Direbobin hanyar Kagoro sun san ta, suna kiranta Madam Tsaya. Akwai wanda ya taɓa ce mini ya fi son ya haɗu da jami'an hanya a kan ya haɗu da ita, don su ana iya roƙonsu.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Akwai hedimasta, akwai fasto, akwai limami, akwai zumuntar mata da za su haɗa hannu su sayo fenti bayan mota ta kusa kwashe musu yaro. Wanda ba na mantawa shi ne Ardo Buba, shugaban wata ruga da ke bayan titin Kachia. Shanunsu suna tsallaka kwalta safe da yamma zuwa rafi, kuma wata mota ta taɓa buge musu saniya, ta kusa haɗawa da 'yarsa da ke kora su. Ya zo shago ya ce yana son allo mai hoton saniya, a kafa a gefen hanya. Na ce wannan mai sauƙi ne, ya dawo bayan kwana biyu. Na zana, na yi mata baƙin fenti a kan ruwan ɗorawa, na jingine a bango ina jiran yabo.

Ardo ya zo ya daɗe yana kallo, ya dogara a kan sandarsa. Can ya ce, "Mai fenti, wannan dabbar ta wace ƙasa ce?"

Na ce, "Saniya ce, Ardo."

Ya ce, "A'a. Ba tozo, ƙaho kamar na akuya, wutsiya kamar ta kare. Direba zai gani ya ce kare ne, ya ƙara wuta."

Washegari da sassafe na ji hayaniya a ƙofar shago. Na fito na tarar ya koro farar saniya sukutum tun daga ruga, ya ɗaure ta a jikin falwaya, makwabta sun taru. Ya ce, "Ga ta nan, ka duba da kyau." Na zauna a kan benci na zana ta tana tuƙa, shi kuma yana tsaye a kaina yana gyara mini, ƙara tsawon ƙaho, sauko da leɓen wuya. Da na gama ya ce saura abu ɗaya, in zana mutum a bayanta da sanda a kafaɗa. Na ce ai a littafin alamun hanya saniya kaɗai ake sawa. Ya ce, "Wanda ya rubuta littafin ba shi da 'ya a bayan shanu." Na zana mutumin. Allon nan ya yi shekaru a wurin, kuma duk lokacin da matan rugar suka shigo gari sai sun biyo da ƙwaryar kindirmo sun ajiye wa Rahila.

Yanzu bari in gaya muku shekarar da ba ta yi kyau ba, don in ban faɗe ta ba na cuce ku.

Shekarar ce aka sake shimfiɗa kwalta a wani yanki na hanyar Kachia. Da can ramuka ne ke riƙe motoci, ba mai iya gudu ko yana so. Da aka gyara, titi ya yi sumul, motar da ke rarrafe jiya ta koma tashi sama. Mutanen ƙauyukan bakin hanya kuwa idonsu ya saba da tsohon gudu. Mutum zai hango mota can nesa ya ce zai riga ta, kafin ya kai tsakiya ta iso. Wani ɗan kwangila ya ɗauke ni in yi zebra a wani ƙauye, ba zan kira sunansa ba, mutanen suna nan da ransu. An gina musu sabuwar kasuwa da katanga, ƙofarta tana gindin wata gangara, kuma a saman gangarar akwai kwana da wani dutse ya tare. Injiniyan da ke kula da aikin matashi ne, mai ladabi, da takarda a hannu. Ya nuna mini daidai ƙofar kasuwa ya ce nan.

Na tsaya a wurin na ɗaga kai na dubi kwanar. Na ce, "Injiniya, mai saukowa daga sama ba zai ga wurin nan ba sai ya zo kusa. In babbar mota ce da kaya, ba za ta tsayu ba."

Ya duba takardarsa ya ce, "Baba, abin da aka zana ke nan. Jibi manya za su zo dubawa."

A nan ne na yi kuskuren. Ban ɗauko benci ba. Ban ce a ba ni kwana uku ba. Na ce a raina shi ya yi karatu, kuma akwai wani aikin yana jirana a Zonkwa. Na share, na auna, na ja igiya. In faɗa muku gaskiya, ban taɓa yin zebra mai kyan wannan ba, layukan sun fito kamar an yanka su da reza. Wata mata mai sayar da citta a bakin ƙofar, Mama Asabe, ta kawo mana pate a kwano da ruwan sanyi, ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Baba, wai in na taka wannan, mota zai tsaya mini?" Na ce mata haka doka ta ce. Ranar Lahadi aka yi sanarwa a coci cewa kowa ya riƙa bi ta kan farin layi.

Bayan mako uku aka aiko mini. Wata babbar mota ɗauke da katako ta sauko daga gangarar ranar kasuwa, ta tarar da Mama Asabe a tsakiyar layin da daron citta a ka. Nan take ta rasu. Direban bai sha komai ba, birkinsa kuma lafiya lau. Matasa sun so su ƙone motar, dagaci ya shiga tsakani ya ɓoye direban a gidansa har jami'ai suka zo. Abin da na ji a raina nawa ne, ba shi kuka zo ji ba. Abin da ya shafe ku shi ne abin da na gani da na je. Sawun taya baƙi yana kwance a kan kwalta, na bi shi da ƙafa zuwa sama. Ya fara ne daidai inda dutsen ya ƙare, wato a daidai inda idon direba zai fara ganin layin. Mutumin ya taka birki tun daƙiƙar da ya gan ta. Nisan ne bai ishe shi ba. Kafin in yi fentin nan, matan ƙauyen ba sa tsallakawa ta wurin, sun san shi. Farin layina ne ya kira su.

Washegarin jana'iza ni da Rahila muka shiga motar farko da galan na baƙin fenti. Ban nemi izinin kowa ba, na shafe layukan nan ɗaya bayan ɗaya. Ina kan na ƙarshe injiniyan ya iso, ransa a ɓace, ya ce na san aikin gwamnati nake ɓatawa? Na ce na sani, amma ina roƙonsa abu ɗaya. Akwai wata tifa cike da yashi tsaye a saman gangara, na roƙi direbanta ya ɗauke mu. Na sa injiniya a gaba kusa da gilashi, na ce wa Rahila ta tsaya a gefen titi daidai ƙofar kasuwa ta ɗaga tuta. Na ce masa, "Da zarar ka ga jan ƙyalle ka ce a tsaya." Muka sauko da gudun da kowa ke yi. Muka sha kwana, ya ce, "Tsaya." Direba ya taka birki da ƙarfinsa, tifa tana kuka tana jan ƙasa, muka wuce Rahila, muka wuce ƙofar kasuwa, sai gaban wani shagon faci muka tsaya. Injiniya ya buɗe ƙofa. Ya sauko, ya koma da ƙafa yana ƙirga taku har wurin Rahila, ya dawo. Ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu ya ce, "Baba, ina ya kamata a sa?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna. Ka ba ni kwana uku da benci."

Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, benci biyu ya sa aka kawo, ya zauna tare da ni. Muka ga inda ƙafafun mutane ke son bi. Can ƙasa ne, inda titi ya miƙe ya kwanta, kusa da famfon burtsatse, inda mutum ke hango mota tun tana nesa ta kowane ɓangare, direba ma ya hango shi. Nan iyayensu ke tsallakawa tun kafin a yi kasuwar. Matsalar ita ce ƙofar kasuwa tana sama, kuma na san mutum ba zai yi doguwar tafiya da kaya a ka don ya je ya taka fenti ba. Muka kai maganar gaban dagaci. Ana cikin shawara ko za a rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma, shugabar zumuntar mata ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, katangar nan mu muka ɗebo ruwan gininta. A ba mu guduma." Kafin yamma sun fasa sabuwar ƙofa a ƙasa, magina sun toshe ta sama da bulo.

Aikin da ya biyo baya shi ne mafi daɗi a duk rayuwata ta sana'a. Injiniya ya samo izini aka yi tudun rage gudu guda biyu ta kowane ɓangare, masu faɗi, ba irin waɗanda matasa ke yi da fushi suna kayar da 'yan acaba ba. Na yi musu fenti baƙi da ruwan ɗorawa don a gan su daga nesa. Na rubuta alluna aka kafa tun kafin kwana. Mata suna ɗebo ruwa da yashi suna waƙa, matan ruga da ke kawo nono kasuwar su ma suka ajiye ƙore suka kama. Shugaban direbobi na tashar Kachia ya zo da kansa, ya ce zai faɗa wa mutanensa duk wanda ya ƙi tsayawa a wurin ba zai yi lodi ba na kwana uku. Ranar Lahadi fasto ya ba ni minti biyar bayan sanarwa, ni da ban taɓa tsayawa gaban jama'a ba. Na ce musu farin layi ba katanga ba ne, fenti ne kawai. Ka tsaya a bakinsa, ka dubi dama da hagu, ka dubi idon direba, kada ka sa ƙafa sai ka ga tayar ta daina juyawa. In kana tafiya a gefen titi ka fuskanci motar da ke zuwa, kada ka ba ta baya. In magariba ta yi ka sa abu mai haske. In kana tare da yaro ka riƙe wuyan hannunsa, ba yatsu ba, yatsu suna zamewa. Limamin ƙauyen ya aiko a maimaita masa, ya faɗa wa nasa mutanen ranar Juma'a.

Sai dai fa mun gama zebra, ta bushe, mutane suka ƙi hawa. Suna zuwa bakinta sai su kauce, su tsallaka ta gefe. Ban ga laifinsu ba. Ranar kasuwa ta farko ni da Rahila muka koma muka zauna a gindin famfo muna kallo, har wajen ƙarfe goma ba wanda ya taka.

Can sai ga Kaka Laraba, yayar marigayiya Mama Asabe, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a ƙauyen. Tun ranar rasuwar ba ta ƙara tsallaka titi ba, ko coci sai dai a zo a yi mata addu'a a gida. Ta taho da sandarta da 'yar jakar lemo, ta tsaya a bakin layin farko. Daidai lokacin wata doguwar tankar mai ta sauko, ta hau tudu na farko, ta hau na biyu, ta yi ajiyar iska ta tsaya cak kafin layin. Kaka ta dubi motar, motar tana tsaye. Direban ya yi mata alama da hannu. Ba ta motsa ba. Ya sake yi. Sai muka ga ta juya, ta tako a hankali har gindin ƙofarsa, ta ɗaga kai.

Ta ce, "Ɗana, lafiya? Motar ka ya lalace ne?"

Direban, wani Bakano mai furfura a gemu, ya leƙo ya ce, "Lafiya lau, Kaka. Ke nake jira."

"Ni? Ka san ni ne?"

"Ban san ki ba. Ki tsallaka."

Ta koma bakin layi, ta gyara ɗaurin zane, ta sa ƙafa. Tana tafiya tana buga sanda a kan kowane farin layi kamar mai gwada ƙarfin gada. Da ta kai tsakiya ta ɗaga hannu ta gaida mutanen kasuwa ta dama da ta hagu, kamar matar gwamna. Ta isa ɗaya gefen, mata suka rangaɗa guɗa. Direba ya sa giya zai tashi, sai Kaka ta juyo ta sake sa ƙafa a kan layi. Ya taka birki. Ta dawo gefenmu a hankali yadda ta tafi.

Rahila ta ce, "Kaka, kin manta wani abu ne?"

Ta ce, "A'a. Ina so in gani ko da gaske ne."

Motoci sun taru a bayan tankar, wasu sun fara hon, amma fasinjoji duk sun leƙo ta taga suna dariya. Kaka ta juya za ta yi na uku. Direban ya ja birkin hannu ya sauko, ya zo ya rusuna ya ce, "Kaka, don Allah, Jos za ni." Ya kama hannunta ya raka ta har ƙofar kasuwa, yara da mata suka bi bayansu a kan layin, har da mai tura baro. A can ta buɗe jakarta ta ba shi lemo biyu, ta sa masa albarka da yarensu, shi kuma yana ta cewa amin ba tare da ya ji ko kalma ɗaya ba.

Da motocin suka wuce na tsallaka na same ta zaune a kan buhun citta tana mayar da numfashi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta san ni, ta san ni ne na ja layin farko, ba wanda bai sani ba a ƙauyen. Ta daɗe tana kallona, sannan ta laluba jakar ta ciro lemon da ya rage ta sa mini a hannu.

Ta ce, "Mai fenti, tun ina yarinya nake jiran mota ya wuce. Yau mota ya jira ni."